Daga Waya Zuwa Faifai: Riba da Asarar Mayar da Bidiyo DVD

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu ɗaukar bidiyo da masu tace fim



Akwai ƙorafin da duk mai shagon buga faifai ya saba ji: an sa bidiyon biki a faifan DVD, ya yi lafiya lau a kwamfuta, da aka kai gida na'ura ta ƙi karɓa. Sai a ce faifan ne jabu, ko idon na'urar ne ya mutu. Sau da yawa duk ba haka ba ne. Wanda ya buga ya zuba fayil ɗin MP4 ne kawai a faifai, yadda zai zuba a filas, alhali na'urar tana jiran wani tsari ne da aka daidaita tun 1995, wanda na'urorinsa na farko suka shiga kasuwa a Japan a ƙarshen 1996.

Tsarin ba shi da sassauci. Dole bidiyon ya koma MPEG-2, a ajiye shi cikin folda mai suna VIDEO_TS. A ciki akwai fayiloli iri uku. VOB ne ke ɗauke da hoto da sauti, kuma ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce gigabait 1 ba. IFO shi ke gaya wa na'ura inda kowane babi ya fara da abin da za ta yi in an danna maɓalli. BUP kuwa kwafin IFO ne, don in ƙarzuwa ta ci ɗaya a samu ɗaya. Faifan da babu waɗannan, ajiyar fayil ce kawai, ko da an manna masa hoton amarya da ango.

Sai batun wuri, inda mafi yawan ɓarna ke faruwa. Faifai mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, wanda kwamfuta ke nunawa kusan 4.37. In aka raba wannan a kan awa biyu, kowace daƙiƙa za ta samu kimanin megabit 5, hoto da sauti haɗe, kuma hoton zai fito tas. In mai biki ya nace sai an cusa kamu da ɗaurin aure da dina da kai amarya, awa huɗu cur, a faifai guda, rabon zai faɗo ƙasa da megabit 3. Kamar ƙara wa miya ruwa ne saboda baƙi sun yi yawa: kowa zai samu, ɗanɗanon ne dai ya tafi. A wurin rawa ake fara gane asarar, inda kowa ke motsi, leshi yana walƙiya, fuskoki su farfashe su zama murabba'i-murabba'i. Mai wannan takarda na ganin faifai biyu, ko mai hawa biyu na gigabait 8.5, ya fi jayayya da mai kaya sauƙi.

Wayar zamani tana ɗaukar hoto mai ɗigo 1920 a 1080, wata ma ninkin haka. DVD a tsarin PAL, wanda Najeriya ke bi, 720 a 576 ne, hoto 25 a daƙiƙa. Nijar ta gaji SECAM daga Faransa a talabijin ɗinta, amma a faifai ma'aunin guda ne da na Najeriya, don haka faifan Kano yana aiki a Maraɗi da Damagaram. Wanda za a aika wa ɗan'uwa a Amurka shi ne ya kamata a mayar NTSC, 720 a 480. Abu biyu na yawan ba masu aiki wahala da bidiyon waya. Wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, kuma adadin yana hawa da sauka, sai bayan juyawa a ga baki ya riga murya. Wanda aka ɗauka a tsaye kuma, in aka ja shi ya cika allo, kowa zai zama gajere mai faɗi; gara a bar baƙi dama da hagu.

To, in asara ta kai haka, me ya sa za a ci gaba da yi? Kasuwar fim ta riga ta ba da tata amsar. Masana'antar fim ɗin Hausa da ta fara da kaset a fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta bi ta VCD mai ɗaukar kusan minti 80, ta cika kasuwar Ƙofar Wambai da faifan DVD, yau ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da shagunan masu tura fim a waya. Amma makaranta da majalisin karatu da gidan da tsofaffi suke da tsohuwar na'ura ba kasuwa ba ne, kuma a nan faifai yana da abu biyu da fayil a filas bai cika bayarwa ba.

Na farko shi ne allon zaɓi, wato menu a bakin 'yan sana'a. Faifai ɗaya na iya ɗaukar shiri har 99, kowane da babinsa. Mai tafsirin azumi zai iya ware kowane zama da maɓallinsa, ɗalibi ya tafi kai tsaye inda aka kwana. Tsarin ya yarda da maɓalli har 36 a allo guda, sai dai wanda ya wuce shida ya wahalar da mai riƙe da rimot. A sa ƙaramin hoto a kan kowane maɓalli, domin kakar da ba ta yi boko ba za ta gane hoton lalle ta danna. A janye rubutu daga gefen allo, tsohuwar talabijin mai ƙeya tana cinye gefe. Waƙar daƙiƙa 20 da ke ta maimaita kanta a allon zaɓi kuwa, in baƙi suka zauna hira, ita ce ke sa a cire wayar wuta.

Na biyu ya fi shafar masu Hausa. Rubutun da ke bayyana a ƙasan allo, a DVD ba haruffa ba ne, hoto ne mai launi huɗu da ake ɗorawa a kan fim. Saboda haka ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai a kowace na'ura, haka ma ajami, muddin kwamfutar da ta tsara faifan ta iya zana su. Fayil ɗin SRT da ke rakiyar fim a filas ya dogara ne da haruffan da talabijin ta sani, shi ya sa wani lokaci ƙ kan koma alamar tambaya. Faifai ɗaya yana ɗaukar irin wannan rubutu har kashi 32 da sauti kashi 8, wato boko da ajami da Faransanci duk a fim guda, mai kallo ya zaɓa. Abin takaici, an fi sabawa da narka fassarar Turanci a jikin hoton, yadda ba mai iya cire ta.

Manyan kamfanoni sun janye daga wannan aiki. Microsoft ta cire Windows DVD Maker tun daga Windows 8, Adobe Encore kuma ya tsaya a fitowar 2012. DVDStyler da DeVeDe na nan kyauta, FFmpeg na juya fayil zuwa ma'aunin PAL da umarni guda, ImgBurn ya buga.

Faifan da aka buga a kwamfuta, a kan rini yake riƙe bayani, rana da zafi suna kashe rinin, don haka ba wurin adana tarihi ba ne. Asalin fayil ɗin waya ko kyamara a ajiye shi wuri biyu, tare da kwafin ISO na faifan don sake bugawa. A buga a hankali, gudun 4 ko 8, a rufe faifan a ƙarshe, sannan a gwada shi a tsohuwar na'ura mai arha da ke shago kafin mai kaya ya zo karɓa.