Motar 1969 Ba Ta Tambayi Ɗarikar Kowa Ba

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, Allah gafarta malamai, iyayenmu mata, samari da 'yan matan zangon Kumasi, sannunku da zuwa.

Ayarin da ya kawo kakanninmu Gwanja sayen goro ba na Kanawa kaɗai ba ne. Akwai Katsinawa, akwai Barebari, akwai Nufawa, kowa da irin bakinsa, amma madugu ɗaya suke bi, domin ɗan fashi ba ya tambayar garin mai jaki. Da yaƙin basasa ya watsa garin Salaga na Gwanja a 1892, haka suka bazu tare, wasu Kete Krachi, wasu nan, wasu Akra. Suka tarar da Mosawa da Wangarawa da Zabarmawa, aka yi auratayya, har Hausa ta zama bakin kowa.

Yau fa? Wannan ɗan Tijjaniyya ne, ba na bin sa salla. Wancan ɗan Ahlus Sunna ne, ba na ba shi 'yata. In zaɓe ya ƙarato, sai ɗan jam'iyyar laima ya daina gaida ɗan jam'iyyar giwa, alhali katanga ɗaya ta raba su.

Dattawan da ke sahun gaba sun ga Nuwamban 1969 da idonsu, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. An sayar da gidaje a wulaƙance, wasu ma ko saya ba a yi ba. Kun taɓa jin an tsaya a bakin motar kwashe baƙi ana tantance mai ƙabalu da mai sadalu? Shekara 14 bayan nan, a 1983, gwamnatin Shagari ta yi tata korar, 'ya'yan zango da suka je nema Legas suka dawo da jaka a ka. Nan a ce mana baƙi, can a ce mana 'yan Gana.

Ban ce kowa ya bar malaminsa ba, ni ma ba zan bar nawa ba. Amma a 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100, ya taka har cocin Christ the King a Akra ranar Ista, ya zauna, kuma rawaninsa bai faɗi ba. Mu kuwa jana'izar maƙwabci ta gagare mu saboda wanda zai ja salla.

Kwatar da ke bayan makarantar allo ta toshe tun damina, sauronta kuma bai ware gidan kowa ba. Ranar Asabar bayan asuba za mu yashe ta. Kowane masallaci ya turo samari goma da shebur, iyaye mata sun ɗauki nauyin koko da ƙosai. Mai rubuta sunaye yana bakin ƙofa.