Jawabin Ma'ajin Ƙungiya Kan Inshorar Lafiya da Matsayin Baƙinmu

Wannan shi ne jawabin da Ma'ajin Ƙungiya ya gabatar a taron da aka yi a Zangon Agege.



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu da limamanmu, Shugaban Ƙungiya, shugabannin kasuwanni, iyayenmu mata, da 'yan uwa matasa, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri da ya rufe rumfarsa ya zo ya saurare mu.

Abin da kwamiti ya ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne maganar asibiti. Wato wane ne ke da hakkin shiga inshorar lafiya a nan jihar Legas, da wace takarda ake shiga, kuma ina matsayin baƙinmu: 'yan uwanmu da suka zo daga Nijar da Chadi da Kamaru, da kuma waɗanda rikici ya koro daga Borno da Zamfara da Katsina suka sauka a hannunmu.

Duk mai yin Juma'a a nan ya san sanarwar da ke biyo bayan sallama. Wane yana kwance, asibiti sun ce sai an ajiye kaza kafin a taɓa shi. Matar wane ta kasa haihuwa, ana neman kuɗin tiyata. A shimfiɗa darduma, a yi tarbace, kowa ya jefa abin da Allah ya hore masa. Wannan alheri ne da muka gada daga iyayenmu fatake, kuma ba za mu daina ba. To amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, kuɗin tarbace kullum a makare yake zuwa. Kafin ya taru ciwo ya ci jiki. Idan kuma bai taru ba, sai a ce a kai shi gida, a ɗora majinyaci a bas ko a bayan tirela, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Mun san waɗanda aka sauke gawarsu a Jebba ko Mokwa, ba su ga gidan ba, ba su ga likitan ba.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Sai dai mu namu ya fi tsanani, don da yawanmu sun ɗauka cewa tsarin gwamnati na 'yan ƙasa ne, mu kuwa baƙi ne. Wannan zato shi ne abu na farko da muke so mu gyara.

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar soja mai lamba 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005. Shekaru da dama ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, shi ya sa ɗan kasuwa bai ma kalle shi ba. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya da duk baƙon da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. A nan Legas kuwa dokar jiha ta fito tun 2015, aka ƙaddamar da shirin a Disamba 2018, shi ne wanda ake kira Ilera Eko, wato lafiyar Ikko da Yarbanci, a ƙarƙashin hukumar LASHMA. A 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a umarnin da ya wajabta shi a kan mazauna jihar.

Ku lura da wannan kalma: mazauna. Ba a ce 'yan asalin Legas ba. Ba a neman takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Wanda aka haifa a Dawanau da wanda aka haifa a Isale Eko, in dai duka a nan suke kwana suke tashi, matsayinsu ɗaya ne a wannan shiri. Tsarin mulkin 1999 ma ya riga ya faɗa: sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garinsu. Balle mu da kakanninmu suka zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da shigowar jirgin ƙasa. Muna biyan haraji, muna biyan kuɗin rumfa, muna yankar tikiti kullum safiya. Ba bara za mu je yi ba.

Yadda abin ke aiki kuwa ba wuya. Mutum ya biya kuɗin shekara, ya zaɓi asibiti guda cikin waɗanda ke cikin shirin, na gwamnati ko mai zaman kansa, wanda ya fi kusa da gidansa. Hukuma ce ke biyan wannan asibiti a madadinsa. Zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, gwajin jini, awon ciki, haihuwa har da ta tiyata, duk suna ciki. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su ba shi takarda zuwa babban asibiti. Lokacin da aka fara a 2018, kuɗin mutum ɗaya Naira 8,500 ne a shekara, na iyali mai mutum shida Naira 40,000. A 2024 aka mayar da shi Naira 15,000 ga mutum ɗaya, Naira 80,000 ga iyali mai mutum shida. Mu 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. Naira 15,000 a raba ta kwana 365, wajen Naira 41 ke nan a rana. Na iyali wajen Naira 220 a rana. Wannan ko kuɗin shayin safe bai kai ba, alhali tiyatar haihuwa guda ɗaya a asibitin kuɗi tana iya cinye jarin mai tireda.

Yanzu mu zo kan baƙinmu, don nan ne gizo ke saƙa. Kashi uku ne, kuma kowane da hukuncinsa.

Na farko su ne 'yan Nijeriya da rikici ya raba da gidajensu. Waɗannan 'yan ƙasa ne cikakku, ba su buƙatar izinin kowa. Matsalarsu ita ce sun gudo ba takarda, wasu an ƙone musu komai. Abin da suke buƙata shi ne lambar NIN, da katin mazauna jiha na LASRRA, yara kuma takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya. Da waɗannan a hannu, ƙofa a buɗe take.

Na biyu su ne 'yan uwanmu na Nijar da sauran maƙwabta: masu gadi, 'yan ga-ruwa, 'yan dako, masu shayi, masu yankan farce. Su ne suka fi kowa aikin wahala, su ne kuma suka fi kowa gudun asibiti. Mun san dalili. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna Janairu 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda, mutane fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, amma har da 'yan Nijar da Chadi. An sake yin haka a 1985. Tun daga nan, in ka ce wa Bazabarme ko Ba'adare ya zo a rubuta sunansa, sai ya ga kamar tarko ne. To mu gaya musu: wanda ba shi da takarda shi ne ke cikin haɗari, ba mai takarda ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ba biza ya yi kwana 90, wanda zai zauna fiye da haka ya nemi katin zama a hukumar shige da fice. Nijar ta fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, amma a lokacin ECOWAS ta ba da sanarwar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan Nijar da barinsu su zauna har sai an fitar da wani sabon mataki. Wannan sassauci ne, ba tabbas ba ne, saboda haka wanda ke da damar gyara takardunsa ya gyara tun yanzu. Baƙon da ya zauna bisa ƙa'ida shekara biyu ko fiye yana da damar samun NIN a matsayinsa na baƙo. Muna roƙo, kada wani ya ruɗe shi ya ce ya rubuta shi ɗan Illela ne ko ɗan Maigatari alhali ɗan Tawa ne. Ƙarya a takardar gwamnati laifi ne, kuma ba ya buƙatarta.

Na uku su ne 'yan gudun hijira daga wata ƙasa, kamar mutanen Kamaru da suka riƙa shigowa Kuros Riba da Binuwai da Taraba tun 2017, wasunsu suka gangaro har Ikko neman abinci. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Yarbawa, don a 1990 an buɗe sansani a Oru ta jihar Ogun saboda mutanen Laberiya. Hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ce ke yi musu rajista tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba su kati. Wannan kati shi ne shaidar zamansu bisa ƙa'ida. Duk wanda irin wannan baƙo ya sauka a gidansa, ya raka shi can tukuna.

Akwai kuma abubuwan da ba sa jiran inshora, ba sa jiran kati, kuma ya kamata kowa ya haddace su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 ta ce wanda aka harba a yi masa magani nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba. Allurar rigakafin yara kyauta ce a ƙananan asibitocin gwamnati, haka maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki. Dokar ba ta ce ɗan ƙasa kaɗai ba, mutum ta ce.

Wasu 'yan uwa sun tare mu sun ce, Alhaji, ai inshora caca ce. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma malamanmu suna zaune, su ne masu hukunci. Abin da muka sani dai shi ne, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta rarrabe tsakanin inshorar kasuwanci da ta taimakon juna. Ta hana ta farko, ta halatta ta biyu, wadda jama'a ke tara kuɗi wuri guda don a ɗauke wa wanda larura ta faɗa wa. A makarantar Islamiyya an karantar da mu labarin Ash'ariyawa, waɗanda in guzurinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage su raba daidai, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabe su a kan haka. Muna roƙon malamai su duba takardun wannan shiri su yi wa jama'a bayani a kan mumbari.

Ba kuma za mu ɓoye muku inda yake da gyara ba. Iyali a wurinsu mata ɗaya ce da 'ya'ya huɗu, saboda haka mai mata biyu ko uku sai ya biya wa sauran daban, kuma ya yi adalci, kada ya sa amarya ya bar uwargida. Ba ranar da ka biya kake fara amfani ba, akwai lokacin jira, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan larurori irin su dashen ƙoda ba sa cikin ƙaramin tsari. Katin Legas na asibitocin Legas ne, direbobi da masu safara zuwa Arewa su tambayi tsarin hukumar tarayya. Wani lokaci za a ce magani ya ƙare, ko a bar mai kati a layi a sallami mai kuɗi a hannu. In haka ta faru, kada a yi faɗa da nas. A rubuta rana da suna a kawo wa ƙungiya, mu kai ƙara hukumar a rubuce. Ƙorafin mutum ɗaya yakan ɓace, amma na ƙungiya mai hatimi sai an amsa.

Saboda haka ga abin da muke gabatar wa wannan taro. Na ɗaya, a kafa tebur a ƙofar masallaci kowace Juma'a, matasanmu masu ilimin boko su taimaka wa mutane cika takardun NIN da LASRRA da inshora, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Na biyu, kowane maigida ya rubuto sunayen yaran shagonsa da masu kwana a zaurensa. Wanda ke ɗaukar maka buhun albasa tun asuba, hakkinsa na wuyanka. Na uku, a ware kaso daga gidauniyar ƙungiya a biya wa zawarawa da marayu da tsofaffi kuɗin shekara. Na huɗu, dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta kafa asusun marasa galihu. Ana zaɓen masu cin moriya ne daga rajistar mabuƙata, wanda sunansa ba ya ciki kuwa ba a san da shi ba. Muna roƙon Mai girma Sarki ya jagorance mu zuwa ƙaramar hukuma a shigar da namu. Na biyar, iyayenmu mata su zaɓo mutum huɗu masu jin Yarbanci ko Turanci da za su riƙa raka masu ciki awo, don da yawan matanmu rashin jin harshe ne ke hana su zuwa, ba rashin kuɗi ba.

Jama'a, lokacin da iyayenmu suka sauka a nan ba su san kowa ba, wani ne ya ba su tabarma da ruwan sha. Yau mu ne masu masauki. Teburin rajista zai fara aiki Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu, kowa ya zo da hotonsa da duk takardar da yake da ita, ya kuma riƙo hannun baƙonsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.