Lokacin Sake wa Itacen Bonsai Kasko

Yau zancenmu zai kai mu nesa, can ƙasar Jafan, wurin waɗansu masu renon itatuwa.

Mutanen nan suna da wata sana'a da su ke kira bonsai, watau itace cikin kasko. Su kan ɗauki itacen da in an bar shi a daji zai fi soro tsawo, su dasa shi a kasko maras zurfi, su yi ta rage masa rassa da saiwa har ya tsufa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Akwai waɗanda sun haura shekara 100, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. A arewacin birnin Tokyo akwai wata unguwa, Omiya, wadda masu wannan sana'a suka kafa a 1925, bayan girgizar ƙasa ta 1923 ta rushe musu wurarensu cikin birni. Har yanzu suna nan suna aikinsu.

To, ku lura. Itacen da ke cikin kasko ba shi da inda zai miƙa saiwarsa. Sai ta yi ta kewaya gindin kasko tana nannaɗewa kamar gammo, har ta cinye wurin ƙasa. Sa'an nan in an zuba ruwa sai ya kwanta a bisa, ba ya nutsewa, iska kuma ba ta shiga. Dole a cire itacen, a yanke saiwa, a sake masa ƙasa. Ƙaramin itace mai saurin girma, kowace shekara ko bayan shekara 2. Tsoho kuwa ya kan kai shekara 3 zuwa 5. Wannan ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne, wace rana?

Zancenmu a kan itatuwa masu kaɗe ganye ne, kamar yadda kuka kan tsaya tsirara da rani. Nasu kuwa sanyi ne ke tuɓe su. Akwai momiji, mai ganye kamar tafin hannu, wanda kan yi ja wur kafin ya zube. Akwai keyaki, akwai buna. Kafin ganye ya faɗi, itacen ya riga ya tara abincinsa cikin saiwa da gangar jiki, kamar mai cika rumbu da kaka. Dukan watannin sanyi yana barci a kan wannan ajiya.

Sa'ad da sanyi ya fara janyewa, sai ajiyar nan ta narke ta soma hawa zuwa rassa. Idanun toho da ke bakin reshe, waɗanda dā su ke a ƙulle ƙanƙam, sai su kumbura, su yi sheƙi, launinsu ya sake. Ba su buɗe ba tukuna. Wannan ne lokacin. Gama a sa'an nan itacen ya farka, saiwar da aka yanke za ta warke da sauri ta fitar da sababbi, kuma ba ganyen da ke neman ruwa a wurinta.

In ka yi gaggawa fa? Ka yanke saiwa tun itacen na barci, raunin zai zauna a buɗe cikin ƙasa mai sanyi da laima, ba abin da zai rufe shi. Ko ya ruɓe, ko ƙanƙara ta dawo dare ɗaya ta kama shi. In kuwa ka yi jinkiri har ganye ya buɗe, to ka jawo babbar hasara. Ɗanyen ganye yana shan ruwa ƙwarai, ga shi ka rage bakin da ke jawo ruwan daga ƙasa. Sai ganyen ya yanƙwane, reshen da aka yi shekara 20 ana tanƙwarawa ya bushe. Tsakanin gaggawa da jinkirin nan, wani lokaci mako ɗaya ne ko biyu kaɗai.

Kada wani ya ce, "Ai sai a duba kalanda." A wajen Tokyo abin ya kan faɗo cikin watan Maris. Amma Jafan doguwar ƙasa ce. A tsibirin Kyushu, can kudu, toho ya kan riga. A Hokkaido, can arewa, sai an shiga Afrilu ko bayansa. Ko cikin lambu guda ma ba su tashi tare: momiji mai sammako ne, buna kuwa sai ya makara. Shekarar da sanyi ya daɗe, duka sai su ja baya. Saboda haka mai lambu ya kan bi kasakensa kowace safiya yana duban bakin rassa, wanda ya nuna alama shi za a fara ɗauka. A ganina wanda ya dogara ga kwanan wata a wannan aiki bai gama koyo ba. Akwai ma wanda ya fita dabam, wani itace mai fure da su ke kira boke. Shi da yawansu su kan bari sai kaka, domin tsoron wata cutar ƙari da kan shiga saiwarsa ta wurin rauni.

In ranar ta zo, sai a yi aikin a inuwa, da hanzari, don kada saiwa ta bushe. A kan warware ta da tsinken gora, a yanke kamar kashi ɗaya cikin uku da almakashi mai kaifi, a fi rage masu kauri a bar sirara, gama sirara ne ke shan ruwa. Ƙasar da su ke sawa sunanta akadama, jan yumɓu ne dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar dawa, ruwa na ratsa shi. A ɗaure gindin da waya ta ramukan kasko don kada iska ta girgiza shi ta tsinke sabuwar saiwa. A zuba ruwa har sai ya fito garau daga ƙasan kasko.

Bayan haka a ajiye shi inda ba iska mai ƙarfi, in dare ya yi sanyi a shigar da shi rumfa. Taki kuwa kada a ba shi sai bayan kamar wata guda, sa'ad da ganye ya buɗe ya yi ƙwari.