AMSAR WASIƘUNKU: Malam, Dakata Da Sake Wa Motar Nan Fenti

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur ta Jihar Katsina. Wanda ya aiko ta manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, ya kuma roƙe mu da mu sakaya sunansa.

Ya ce bara, bayan ya sayar da masararsa a Funtuwa, ya sayi baƙar mota ƙirar Corolla 'yar Kwatano, da fentinta na asali, tana sheƙi kamar madubi. Hunturu ɗaya kacal ta yi a hannunsa, amma yanzu in ta tsaya a rana sai ka ga jikinta ya cika da siraran zane sun yi da'ira kamar saƙar gizo-gizo, musamman a bonet da saman but. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kowace safiya yaronsa na goge ta tas, ba a taɓa barin ta da ƙura ba. Ya kai wa wani mai fenti, ya ce sai dai a sake feshe ta baki ɗaya. Wani kuma ya ce a kawo ya sa mata inji, cikin awa guda ta koma sabuwa. Shi kuwa niyyarsa ya sayar da ita gab da faɗuwar damina ya zuba kuɗin a taki. To wane mai zai saya, da wane irin soso, kuma maganar wa zai kama?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, dakata da maganar sake fenti. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da dillalan mota ke fara dubawa: shin fas bodi ce, wato jikin da ba a taɓa sake wa fenti ba? Ranar da aka feshe motar nan, duk wanda ya zo taya ta zai ɗauka hatsari ta yi ake ɓoyewa, ko ka rantse masa. Ka biya mai fenti, sannan farashi ya faɗi. Asara biyu ke nan a kan ciwon da bai kai ya kawo ba.

Bari mu duba inda ciwon yake. Fentin motar zamani hawa uku ne: akwai shafen ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sai kuma na sama wanda ba shi da launi ko kaɗan, garai-garai kamar gilashi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ke ba da sheƙi, shi ke kare launin daga zafin rana. In ka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida shi ake kira maikiron. Duka hawa ukun nan, yadda suka fito daga kamfani, galibi ba su wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kiliya kuwa wajen 40 zuwa 50 ce. Wato ba ta wuce rabin kaurin takardar da ka rubuto mana wasiƙa a kai ba. Saƙar gizo-gizon da kake gani duk a fatar wannan kiliya take, ba ta kai ga launi ba. Kuma zanen ba da'ira ba ne a haƙiƙa, layuka ne dubbai da suka nufi ko'ina. Hasken rana ne ke haska waɗanda suka kewaye shi, sai ido ya ga zobe. Farar mota ma tana da su, baƙa ce dai ba ta rufa wa mai ita asiri.

Wa ya yi zanen? Ka yi haƙuri, Malam, gugar safiyar nan ce. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamadar arewacin Cadi, wajejen Faya-Largeau, ba gari ba ce mai laushi kamar yadda take a ido. Cike take da ɓarɓashin yashi, irin wanda ake narkawa a yi gilashi, kuma ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Ga kuma jar ƙasar hanyoyinmu na karkara ranar kasuwa. In yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya bi jikin mota da ƙurar nan a kwance, to da shi da mai riƙe da samfefa duk ɗaya ne. Kada dai ka yi masa faɗa, aikin da aka sa shi ya yi.

Yanzu ga gwajin da za ka yi kafin ka kashe ko sisi. Wanke motar da ruwa sosai, ta bushe, ka bi zanen da farcenka a hankali. Wanda farce ya wuce bai ji komai ba, wannan zai fita. Wanda farce ya maƙale a ciki, irin wanda ƙaya ko karan dawa ke yi a hanyar gona, ko wanda aka yi garin jan buhun taki a kan but, wannan ya yi zurfi, gogewa sai dai ta rage masa fitowa. In kuwa ka hango fari-fari ko toka-toka a ƙasan zanen, ya huda har shafen ƙasa, sai a ɗiga wa wurin fenti shi kaɗai.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, man gogewa ba cike zane yake yi ba. Ka san yadda ake baje kunya a gona har ta yi daidai da kwari? To haka yake yi: yana cinye kiliyar da ke kewaye da zanen har wurin ya koma bai ɗaya. Kowace gogewa ragi ce, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Shi ya sa masu sanin sana'ar ke farawa da mafi laushi, sai ya gaza sannan su hau sama.

A kanti za ka tarar da iri uku, kuma sau da yawa mai kanti duk folish yake ce musu. Na farko mai kaushi ne, shi ake kira kamfawun. G3 na kamfanin Farécla, wanda masu fenti suka saba da shi, yana cikin wannan sahu. An yi shi ne don cire sawun samfefa da zane mai ɗan zurfi, yana ci da sauri, kuma a baƙar mota yakan bar nasa hazon, sai an bi bayansa da mai laushi. Na biyu shi ne folish na gaskiya, mai laushi, wanda ake gamawa da shi. Ga irin zanen da ka kwatanta, wannan ne naka. Na uku kaki ne, irin su Turtle Wax. Shi ba ya cire komai, rufi ne da ake shafawa a ƙarshe don kariya. Yakan lulluɓe zane na ɗan lokaci, in an yi wanki kaɗan su sake bayyana. In ba ka samu a Funtuwa ko Malumfashi ba, ka yi sautu Zariya ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ka sayi wanda ke cikin gwangwaninsa a rufe, ka guji wanda aka ɗura a robar ruwa ba suna ba lamba.

Sai soso, wanda mutane ke rainawa alhali rabin aikin nasa ne. Mai iri ɗaya, in ka sauya soso, cinsa ya sauya. Na gashin tunkiya shi ne mafi ci, yana tara zafi, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yakan bar wani sawu mai walƙiya kamar inda maciji ya bi a rairayi. Na soson katifa kuwa hawa-hawa ne: mai tauri na ci, matsakaici na gogewa, mai laushi na gamawa. Kada launinsa ya ruɗe ka, kowane kamfani da yadda yake rina nasa. Danna shi da babban yatsa ka ji. Kai dai ka nemi matsakaici ɗaya, mai laushi ɗaya, da tawul uku ko huɗu irin masu laushin nan da ake kira maikirofaiba. Masu sana'ar sun lura cewa fentin motocin Japan galibi ya fi na Jamus laushi, don haka Corolla ba ta cika bukatar ƙarfi ba, saɓanin Golf.

Mu dawo kan mai cewa a kawo ya sa inji. Ba mu ce bai iya ba, amma ka ce ya nuna maka injin tukuna. Injin goge mota na gaskiya yana da wurin rage gudu, ana aiki da shi a wajen juyi 1,000 zuwa 1,800 a minti. Akwai ma wani iri mai juyawa yana karkarwa, wanda da wuya ya ƙona fenti. Amma in ka ga ya ɗauko giranda irin ta masu walda ya ɗaura mata gashin tunkiya, to tada motarka ka kama hanya. Ƙaramar giranda tana juyi sama da 10,000 a minti, kafin ka ce kwabo ta huda kiliya, musamman a bakin ƙofa da ƙusurwar bonet inda fenti ya fi siranta. In ta huda kuwa, sake fentin da muke gudu ya zama dole. Sannan awa guda ba ta isa a goge mota duka yadda ya kamata, aikin yini ne.

Ko shi zai yi, ko kai da hannunka, a fara da gwaji a wuri ɗaya da bai wuce faɗin faifai ba. A inuwa, da sassafe, jikin mota da sanyi, a yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. A ɗiga folish mai laushi kamar ƙwayar gyaɗa uku a kan soso matsakaici, a bi a tsaye a bi a kwance ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a share da tawul. Daga nan a wanke wurin da ruwan sabulu don maiƙon ya fita, a fito da ita rana, ko a haska da tocilar waya a duba. In zane ya tafi, shi ke nan, da wannan za a bi sauran jikin. In bai tafi ba a maimaita sau ɗaya, sai ya ƙi sannan a gwada mai ɗan kaushi. Kada ka nace sai kowane zane ya ɓace. In mafi yawansu sun fita, a tsaya. Da hannu ma ana yi, ba sai da wuta ba, sai dai kafaɗa za ta gaya maka: yau bonet, gobe ƙofa. A riƙa wanke soson in ya cushe, wanda ya faɗi ƙasa kuma a ajiye shi sai an wanke.

Af, masu tsofaffin motoci, irin Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, in kun ga launin mota ya fito a jikin tsumma kada hankalinku ya tashi, yawancin fentin wancan zamani ba shi da kiliya. Amma kai mai Corolla, in ka ga soso ya yi baƙi bayan an wanke motar tas, tsaya nan take: ko an huda, ko kuwa dama an taɓa sake wa wurin fenti.

Akwai masu shafa gas ko baƙin mai ranar da za a kai mota kasuwa. Sheƙin yini ɗaya ne, yana kama ƙura, kuma algus ne. Man birki kuwa ko kusa, cinye fenti yake yi. Ku masu saye, ku riƙa duba mota da rana tsaka, bayan an wanke ta a gabanku.

Game da lokaci, tunda sai gab da damina za ka sayar, ka bari hazo ya ɗauke, wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, sannan a goge sau ɗaya a shafa kaki. Daga yau zuwa lokacin, a canza wa yaro aiki. Ya fara kwarara ruwa da buta daga rufi zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka, kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Tsumman taya daban, kada ya hau jiki. A bar garin Omo ga tufafi, don yana wanke kaki. Kada a lulluɓa tamfol a kan ƙura, iska na kaɗa shi yana gurzawa. A hana yara rubuta sunayensu da yatsa a jikinta. Ranar da kuma ruwa ya yi wuya, a bar ta da ƙurarta har sai an samu, ko da maƙwabta za su ce Alhaji ya yi sake.

In an yi gwajin faifan nan, ka sake rubuto mana yadda ta kaya. A gaida mutanen Gozaki da na Kafur baki ɗaya, Allah ya kai mu damina lafiya.