Ƙara wa Motar Rangadi Tsayi da Daidaita Ƙafafunta: Jawabi ga Hakimai da Malaman Gunduma

Kowane hakimi da ya taɓa fita rangadi a watan Agusta ya san yadda hanyar ƙauye ta ke zama idan manyan motoci sun bi ta cikin taɓo. Ƙafafunsu su kan haƙa ramuka biyu dogaye, su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota kuwa in ta zo sai cikinta ya hau tudun ta zauna, ƙafafu na juyawa a banza. Daga nan ne direba ya kan kawo shawara a kai mota wurin makaniki a ƙara mata tsayi. Shawarar ba ta da laifi, amma sau da yawa rabin aikin a ke yi a biya kuɗin dukansa, gama motar da aka ɗaga ba a sake daidaita ƙafafunta ba ta kan cinye tayoyi kafin lokacinsu, ta kuma riƙa yawo a hannun direba. Ba a nufin hakimi ya zama makaniki. Abin da a ke so shi ne ya san tambayoyin da zai yi kafin ya sa hannu a takardar biyan kuɗi.

Land Rover, wadda aka fara nuna ta a birnin Amsterdam cikin 1948, ita ce ta daɗe tana ɗaukar masu rangadi a ƙasar nan tun zamanin En'e. Tsofaffin irinta, har zuwa wadda aka fitar a 1971, suna zaune ne bisa sifirin mai falle-falle, watau dogayen ƙarafa da aka jera aka ɗaure. A 1983 aka fito da mai naɗaɗɗen sifirin, wadda daga 1990 aka sa wa suna Defender, aka daina ƙera wannan samfurin a 2016. Toyota Land Cruiser da Hilux sun karɓi yawancin aikin yanzu. Dukansu dai doka ɗaya ke bisansu.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ɗaga sifirin jikin mota kaɗai ya ke ɗagawa. Aksul, watau ƙarfen nan da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, yana da wani kumburi kamar tulu inda haƙoran da ke raba ƙarfin inji su ke, kuma shi ne mafi kusa da ƙasa. Ko an ɗaga jiki kamu guda, tulun nan yana nan inda ya ke, shi ne kuwa ya fi yawan karo da tudun tsakiyar hanya. Babu abin da ke ɗaga shi sai babbar taya. Gajeriyar tsohuwar Land Rover ta kan zo da taya mai lamba 6.00-16, doguwar kuwa da 7.50-16, wanda ya sauya ta farko da ta biyu zai sami ƙarin kusan inci ɗaya da rabi a ƙarƙashin tulun. Saboda haka amfanin ɗaga sifirin na gaskiya shi ne ya ba babbar taya wurin motsi, ya kuma tsare hanci da wutsiyar mota daga dukan gaɓar rafi. Sai dai malami ya lura, da babbar taya agogon gudu da na lissafin nisa su kan nuna ƙasa da gaskiya, lissafin mai zai ɗan kauce.

Hanyoyin ɗagawa ba darajarsu ɗaya ba. Mafi kyau shi ne a sayi sifirin da aka ƙera domin wannan tsayin. Ƙara falle guda yana taimakon motar da kaya suka durƙusar, amma ta kan yi tauri, a kan gargada ta girgiza mutane da kusoshi. Akwai masu kai sifirin maƙera a gasa shi da wuta a lanƙwasa. Wannan ɓarna ce, domin wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, bayan 'yan watanni ya kwanta ko ya karye. Akwai kuma masu cusa guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul. Wannan ba ya ɗaga mota sai in sifirin yana bisa aksul, kamar bayan Hilux. A tsohuwar Land Rover sifirin a ƙarƙashi ya ke, cusa ƙarfe sai ya ƙara sauke ta. A ƙafafun gaba kuwa kada a yarda da shi ko kaɗan. Inci biyu ya isa ga motar rangadi. Faɗin da ke tsakanin ƙafafun tsohuwar Land Rover bai kai ƙafa huɗu da rabi ba, kowane inci da aka ƙara sama yana rage mata tsayuwa a hanya mai karkata, balle in an ɗora buhuna da jarkokin mai bisa rufi, mutane kuma cike a ciki.

To, an ɗaga mota. Aikin da ya rage ya fi wanda aka yi muhimmanci, shi ne kuma wanda ido ba ya gani.

Kowace ƙafar gaba tana juyawa ne bisa wani madogari wanda ba a tsaye sak ya ke ba, kansa ya ɗan jingina baya, kamar yadda wuyan keke ya ke. A Land Rover jinginar digiri 3 ce. Ita ce ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa bayan an sha kwana, ita ce ke riƙe mota a miƙe. Idan aka tsawaita maratayin sifirin a gefe ɗaya kaɗai, ko aka sa dogon naɗaɗɗen sifirin, aksul ya kan mirgina kaɗan, jinginar ta sauya. A mota mai naɗaɗɗen sifirin ƙarin inci biyu na iya cinye yawancin digiri ukun nan. Alamarta a fili ta ke: mota na bin kowane rami, direba na ta gyara hannu ba hutawa, wani lokaci sitiyari ya kama kaɗawa in an taka gargada da gudu. Maganinta siririn ƙarfe mai kaifin gatari da a ke sawa tsakanin sifirin mai falle da aksul, ko kuwa robobi na musamman a hannuwan da ke riƙe aksul. Direban da ya ce mota ta ƙi zama a hannunsa bayan an ɗaga ta, a saurare shi, ba raki ya ke yi ba.

Sa'an nan sai bakin ƙafafu. Ƙafafun gaba biyu ba daidai su ke kallon gaba ba. A tsohuwar Land Rover gabansu ya ɗan tsuke, da milimita 1.2 zuwa 2.4. A Defender, wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, ba a so su tsuke, sai dai su miƙe ko su ɗan buɗe har milimita 2. Makanikin da ya saba da tsohuwa, in ya yi wa sabuwa irin awonta, ya yi kuskure, don haka a buɗe littafin motar a gani. Kuskuren ƙanƙane ne a ido, amma ga lissafinsa: in tsukewa ta wuce ƙa'ida da kashi ɗaya cikin takwas na inci a bakin wili mai inci 16, kowace taya za ta riƙa gogar ƙasa a kaikaice kamar ƙafa 20 cikin kowane mil. Malami na iya ganewa da tafin hannunsa. Ya shafa fuskar taya daga waje zuwa ciki, ya komo. In ta yi santsi ta wani gefe, ta yi kaifi ta ɗaya, awo ya kauce. Cinyewar gefen waje alamar yawan tsukewa ce, ta gefen ciki alamar yawan buɗewa.

Awon ba ya bukatar na'ura a mota mai aksul guda a gaba. A sami daɓe mai lebur, a ba tayoyi iskar da ta dace, a tabbata boris da gaɓoɓin sitiyari ba su da lako-lako, gama awo bisa gaɓar da ta cinye aikin banza ne. A miƙe ƙafafu, a tura mota gaba kaɗan. A sa alli a bakin wili na ciki, dama da hagu, ta gaba, daidai tsayin cibiyar ƙafa, a auna tsakaninsu da sanda. A sake tura mota gaba har ƙafa ta yi rabin juyi, allin ya koma baya, a sake aunawa a wurin allin. Bambancin awo biyun shi ne abin da a ke nema. In bai dace ba, a sassauta maɗaurin sandar da ta haɗa ƙafafun biyu, wadda makanikai ke kira tayarod, a murɗa ta, a ɗaure, a sake awo. Wannan sanda ita ce kututture ya fi lanƙwasawa a daji, saboda haka a duba ta bayan kowane karo, ko ba a taɓa sifirin ba. In sitiyari ya karkace alhali mota na tafiya a miƙe, wata sanda dabam a ke gyarawa, wadda ta taho daga wajen akwatin sitiyari.

Hilux ta wannan zamani dabam ce. Kowace ƙafar gabanta da nata hannuwa, in an ɗaga ta dukan awon ya kan motsa, har da karkatar ƙafa ciki ko waje. Ita kam sai an kai ta birni wurin masu na'urar awo, a karɓo takardar da ta nuna lambobi.

Sauran abubuwa kaɗan ne, amma kowanne na iya jawo asarar rai. Robar man birki tilas ta kai tsawon da ƙafa za ta sauka cikin rami ba ta ɗame ba. Shakazoba ma haka, gajere zai tsinke. Farfela ta ƙara karkata, in an ji gurnani a ƙarƙashi wanda da babu shi, daga nan ne. Kusoshin maratayin sifirin ba a ɗaure su tamau sai an sauke mota daga jak nauyinta ya zauna, im ba haka ba robobin za su yage. Sifirin na dama da na hagu a tsohuwar Land Rover ba lanƙwasarsu ɗaya ba, kada a musanya su.

Malamin gunduma ya buɗe wa kowace mota shafi a littafi. Ya rubuta ranar aiki, da tsayin mota a kusurwa huɗu kafin aiki da bayansa, da awon gaba da na baya da makaniki ya samu, da lambar da agogon nisa ya nuna. Bayan rangadi na farko a komo da motar, a sake ɗaure kusoshin da suka rungumi aksul da sifirin, domin sabon sifirin ya kan zauna, a maimaita awon alli da sanda, sa'an nan Hakimi ya ba da izinin biyan ragowar kuɗin makaniki.