Hakin da ke shigowa gari, da bashin da gona ke bin mu

 

Na san wasu sun yi dariya da suka ji cewa kan haki zan yi magana yau. Mun saba zama kan tsadar rayuwa da rashin aikin yi, sai ga wani ya zo da zancen ƙarangiya. To ku ba ni ƴan mintoci, in na gama sai ku yanke hukunci da kanku ko wannan magana ta shafi farashin tiyar hatsi ko ba ta shafa ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gari da sassafe, ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ya ga abin da zan faɗa. Amalanken shanu da jakai, wani lokaci har raƙuma, suna shigowa jere da lodin haki da harawa da kara. Mu ne masu saye, don kusan kowane gida akwai ragon layya ko ƴan awakin inna. Da hantsi sai ka ga amalanken nan sun juya ƙauye, mafi yawa wayam. Ku riƙe wannan hoto, zan dawo gare shi.

Ina yaro, duk hutun lakwal gona ake kai ni. Babu aikin da na ƙi jini kamar noman farko. Mahaifina yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: in ka tuge haki, sai ka karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwa, ka kifa shi nan tsakanin gindin hatsi, saiwa sama. Wata rana na tattara nawa duka na kai gefen gona, wai don wuri ya yi tsaf. Ya dube ni ya ce: "Kai, mi kaka yi? Maido mata abinta. Abin da ya ci, nata ne." A lokacin na ɗauka rigimar tsofaffi ce. Sai da na je jami'a na karanta yadda ƙasa ke ciyar da tsiro, sannan na gane tsohon nan darasi guda ya ba ni a taƙaice.

Ga yadda abin yake. Tsiro, hatsi ne ko haki, abinci iri ɗaya suke nema cikin ƙasa. Manya guda uku su ne waɗanda kuke gani a jikin buhun takin zamani da aka rubuta 15-15-15: azot mai sa ganye ya yi kore, fosfor mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya, da fotas mai ƙarfafa kara. Ƙasarmu ta jigawa, wadda ake noman hatsi a cikinta, yashi ce. Fosfor ya yi mata ƙaranci, ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe abinci da laima kuma sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙasa irin wannan kamar rariya take.

In ruwan farko ya sauka, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, sukan farka su hau ruɓar da abin da rani ya bari. Cikin ƴan kwanaki sai azot ya samu da ɗan yawa. Amma a lokacin hatsi bai wuce ɗan tsiro ba, saiwarsa ba ta kai ko'ina ba. Ruwa na biyu da na uku sai su wanke azot ɗin nan su yi ƙasa da shi, inda saiwar hatsi ba ta isa. Wa ke riga kowa kama shi? Haki. Ƙarangiya da komayya da guɗe-guɗe da harwatsi suna fitowa da yawa, suna girma da sauri, saiwoyinsu sun cika saman ƙasa. Sai su zuƙe abincin su adana cikin ganyensu.

Wannan abu fuska biyu gare shi, kuma dole a faɗi duka biyun. Ta farko, haki kishiyar hatsi ne na gaske. Makonnin farko bayan tsiro su ne lokacin da hatsi ba ya jure a raba masa abinci da ruwa, shi ya sa manomi ke son ya yi noman farko wajen mako biyu bayan shuka. Wanda ya makara, ko ya zo ya nome daga baya, hatsin ya riga ya tsumbure. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, tare da na INRAN, sun yaɗa dabarar sa taki kaɗan-kaɗan a ramin shuka: giram 6 na 15-15-15, ko giram 2 na DAP. Dabara ce mai kyau ga talaka. Amma in ka sa takin ka bar haki ya yi ƙarfi, to ƙarangiya ka saya wa taki da kuɗinka.

Fuska ta biyu ita ce wadda mahaifina ya gani. Abin da haki ya ɗauka bai ɓata ba, yana nan cikin jikinsa. Rance ya ci. Tambayar kawai ita ce, ina zai je ya biya?

In ka nome shi yana ɗanye ka bar shi nan, ganyensa mai taushi ne, kuma akwai laima da zafi, cikin ƴan makonni ya ruɓe. Abincin sai ya koma ƙasa daidai lokacin da hatsi ya yi saiwa, yana shirin yin ciki. Ka ga ke nan haki ya yi maka ajiyar abin da ruwa zai tafi da shi.

In ya bushe a gona bayan girbi, shi da kara, biyan yakan ɗauki lokaci, don busasshen haki ba ya ruɓewa da sauri. Amma yana wani aikin kafin nan. Yana rufe ƙasa, iska ba ta kwashe ta. Yana tare ƙurar hunturu, wadda ita ma tana ɗauke da ɗan abincin tsiro. Gara tana cin sa, tana huda ramuka, ruwan damina ya samu hanyar shiga. Gwaje-gwajen da aka yi shekara da shekaru a Sadore sun nuna cewa barin kara kamar tan 2 a hekta yana ƙara amfanin hatsi sosai. Ku sani kuma mafi yawan fotas ɗin da hatsi ke ɗauka cikin kara yake zama, kaɗan ne ke shiga ƙwaya.

In dabba ta ci shi, kaɗan take riƙewa a jikinta, mafi yawa yana fita ta kashi da fitsari. Shi ya sa kakanninmu ke shiri da Fulani, garke ya kwana gona da rani a ba su hatsi. Babu takarda, amma lissafin daidai yake.

In kuwa ka tara shi lokacin sassabe ka cinna wuta, azot ɗin ya bi hayaƙi. Toka tana riƙe fotas da ɗan fosfor, sai dai iskar da ke zuwa gaban ruwan farko ba ta barin toka inda aka ƙona ta.

Akwai haki biyu da ya kamata kowa ya san bambancinsu. Na farko gadagi. Dangin wake ne. In ka tuge shi a hankali za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle jikin saiwarsa, a ciki akwai ƙwayoyin halitta masu kamo azot daga iska. Ka fasa ɗaya, in ka ga cikinsa ja-ja, to aiki yake. Gadagi shi kaɗai cikin waɗanda na ambata yake kawo wa gona sabon abu. Tafasa ma tana yin kwanso kamar wake, amma ita ba ta da ƙullen nan.

Na biyu ƙuduji. Shi ba rance yake ci ba, sata yake. Yana manne saiwarsa ga saiwar hatsi ko dawa yana tsotsa, tun kafin ya fito fili ya riga ya yi ɓarna. Gindi guda yana zubar da ƙwayoyi dubbai, kuma suna iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Abin mamaki, saiwar hatsin da ke jin yunwar fosfor ta fi fitar da sinadarin da ke tada ƙwayar ƙuduji. Saboda haka in ka ga gona ta yi shar da furensa, ƙasar ce ke faɗa maka ta gaji. Shi ba a barin sa a gona. A tuge shi kafin ya yi ƙwaya, a fitar, a ƙona.

Kar wani ya fita nan ya ce na ce haki ya isa taki. Bai isa ba. Haki ba ya ƙirƙiro fosfor, abin da ke nan yake juyawa. Duk damin hatsin da ya bar gona ya tafi da wani abu, kuma dole a cike gurbin da takin gida da na zamani. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun sa burin kilo 50 na taki a hekta. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi nisa da wannan buri. A 2022 kuma kowa ya ga yadda kuɗin buhu ya tashi bayan yaƙin Yukiren. To wanda ba ya iya sayen taki, shi ne ya fi kowa bukatar kada ɗan abin da ke hannunsa ya zube.

Yanzu mu koma ga amalanke. Da can ana barin gona ta huta shekaru, haki da sabara da kalgo su gyara ta. Yau a kudancin jahar Maraɗi mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, saura ta kusa zama labari. Hakin damina da karan kaka su ne ɗan abin da ya rage wa ƙasa. Su ɗin ma ana sharewa tas, a ɗaure, a kawo mana. Ragonmu ya ci, ya yi kashi cikin gida. Mu share, mu haɗa da leda da tsohon batir da fasasshen kwalba, mu zuba bola. Ruwa ya zo ya kwashe, ya toshe magudana, mu hau Facebook muna kukan ambaliya da sauro. Abin da ke wari a unguwarmu shi ne abincin da gonar ƙauye ta rasa. Shekara ta zagayo, damin da aka saba samu ya ragu, tiya ta hau, wani ƙanenmu ya bar gona ya zo yana tuƙa kabu-kabu.

Ba na ganin laifin matar da ke sayar da haki don ta sayi magani, ko yaron da ke kawo shi don kuɗin littafi. Yunwa ba ta jiran haki ya ruɓe. Akwai ma manomin da zai so ya bar kara a gona, amma ya san in ya bari wani zai kwashe da dare. Dokar kiwo ta 2010 ta taɓo maganar ɗibar haki a wuraren kiwo, amma doka ba za ta mayar da taki gona ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan bashin, babban kasonsa yana wuyan mu ƴan birni.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Na ɗaya, kowane gida mai dabba ya ware wa kashin dabba da ragowar haki wuri daban, kada leda ta shiga. Na biyu, in mai amalanke ya kawo maka haki, ka tambaye shi ko zai koma da taki. Da yawa za su yi murna, manoman bakin gari ma tuni suna bin bola suna tsince leda da hannu. Na uku, kowace fada ta iya haƙa rami ta tara taki, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi zafi ya huce. Zafin nan yana kashe yawancin ƙwayoyin hakin da ke cikin kashi, kada mu aika wa manomi da ƙarangiya a madadin taimako. Masu garake suna sayen irin wannan taki, ga sana'a nan. Na huɗu, mu je ma'aikatar magajin gari da takarda, mu nemi a ware filin tara taki kusa da kasuwar dabbobi da mahauta, a daina haɗa shi da sauran shara.

Kar ku ce abin ya yi ƙanƙanta. A nan jahar Maraɗi aka fara sassaben zamani wajen 1983, manoma suka daina sare kututturan da ke toho a gonakinsu. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da itatuwa suka dawo. A Tawa, tassa da ɗan taki a rami sun mayar da fako gona. Duka biyun da hannun talaka aka yi su.

In kun je gida hutun damina, ku karɓi hauya ko na wuni ɗaya ne. Ku tuge gadagi ku dubi saiwarsa, ku tambayi tsofaffi sunan kowane haki da abin da yake nunawa game da ƙasa. Gobe da safe kuma, kafin a share garke, ku tsaya ku tambayi inda za a kai sharar.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.