Sankarar Mama a Jikin Dattijuwa: Tiyata da Gashi

Wannan bayani ya shafi iyaye mata da kakanni na unguwar Fezzan da sauran unguwannin Maiduguri, waɗanda kunya kan sa su rufe ƙululun mama da mayafi har sai ya fashe, sau da yawa saboda camfin da ke cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe.

Abin da likitoci ke kira matakin farko shi ne lokacin da ƙululun yake ƙarami, bai kuma wuce mama da kaluluwar hammata ba. A irin wannan hali akan iya cire ƙululun kaɗai tare da ɗan naman da ke kewaye da shi, a bar maman, sannan a bi wurin da gashi, wato haska shi da wani haske mai ƙarfi daga na'ura domin kashe ragowar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Hasken ba ya zafi yayin da ake yinsa, ko da yake fata kan yi duhu, jiki kuma ya yi kasala na 'yan makonni.

Wani bincike mai suna PRIME II, wanda Jami'ar Edinbara ta jagoranta, aka kuma bayyana sakamakonsa a 2023, ya bi mata 1,326 masu shekara 65 zuwa sama da aka cire wa ƙululun har shekara goma. Cutar ta dawo a maman kashi 9.5 cikin ɗari na waɗanda ba a gasa ba, da kashi 0.9 na waɗanda aka gasa, amma tsawon rayuwar rukunan biyu bai bambanta ba. Sai dai dukansu ƙululunsu bai wuce santimita 3 ba, bai kai hammata ba, kuma irin wanda sinadarin mata na istirojin ke ciyarwa ne, shi ya sa aka ɗora su a kan ƙwayoyin da ke toshe sinadarin, irin su tamoxifen, waɗanda ake sha kullum shekara biyar.

Saboda haka barin gashi ba shawarar da za a yanke a tsakar gida ba ce, domin sai an gwada tsokar da aka cire kafin a san irin cutar, kuma dattijuwar da ba za ta jure shan ƙwaya ba, gashin ne garkuwarta.

'Yar da ke shafa wa tsohuwa mai, ko surukar da ke taya ta wanka, ita ce kan fara jin tauri ko ta ga kan mama ya shige ciki. Hakkinta ne ta kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a makon, kafin tsagar wanzami, domin tsufa ba ya hana magani. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.